Hawan igiyar teku: kowane wata da irin ruwansa

A Sae Sabuwa, cikin gundumar Gidan Rumji ta jihar Maraɗi, manomi ba ya buƙatar kalanda a bango kafin ya san lokaci. Idan shamuwa ta dawo ta kama gyaran sheƙa, iska kuma ta juyo daga kudu maso yamma da ɗanshi a jikinta, ya san lokacin fiddo iri ya yi. Idan ta sake juyawa ta taso daga arewa maso gabas da ƙura da sanyi, leɓe ya fara tsagewa, to gero ya shiga rumbu, samari sun ɗaure kayan cin rani. Haka abin yake a ƙauyukan Agye da na Gazawa. Iska biyu ne ke raba musu shekara.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, waɗannan iskokin biyu su ne kuma ke tafiyar da halin teku a gaɓar Afirka ta Yamma, ko da yake tsakanin Maraɗi da bakin ruwa akwai sama da kilomita 800 a miƙe. Wannan magana ta shafi mutanen yankin kai tsaye. Ƴan kasuwar Maraɗi sun daɗe suna zuwa Kwatano da Lome da Legas ɗauko motoci da atamfa da shinkafa, rufe iyakar Nijar da Benin da aka yi a 2023 kuma ya karkata kaya da yawa zuwa tashar Lome. Ma'aikatan gwamnati suna zuwa taro ko ƙaro ilimi a Dakar da Abijan. Ƴan cin rani suna sauka a unguwar Zongo ta Kwatano, da Nima ta Akra, da Agege ta Legas. Wanda ya kwana biyu a waɗannan birane, da wuya wata Lahadi ba ta kai shi bakin teku ba. A can ne yake ganin samari tsaye bisa allo, igiyar ruwa tana gudu da su zuwa gaɓa, har ransa ya raya masa ya gwada.

Wasan da ya girmi sunansa

Turawa suna kiran wannan wasa surf. Mai wasa yakan kwanta rub-da-ciki bisa wani dogon allo mara nauyi, ya yi ta tuƙi da hannuwa har ya wuce inda ruwa ke karyewa, ya jira. Idan igiyar da yake so ta taso, sai ya juya ya bi gabanta, ya miƙe tsaye, ƙarfin ruwan ya ɗauke shi. An fi danganta wasan da tsibiran Hawai, amma gaɓar Afirka tana da nata tarihin. Wani Bajamushe mai suna Michael Hemmersam, wanda ya zauna a gaɓar ƙasar da ake kira Gana a yau cikin shekarun 1640, ya rubuta labarin yaran da ke shiga ruwa bisa katako. Cikin shekarun 1830 wani sojan Birtaniya, James Alexander, ya ga yaran Akra suna bin igiya da allo a ƙarƙashin cikinsu. Fim ɗin The Endless Summer na Bruce Brown, wanda ya bazu a 1966, ya nuna wasu Amurkawa biyu suna yawon duniya don kada lokacin ruwa mai kyau ya kuɓuce musu, kuma Senegal da Gana da Legas suna cikin wuraren da suka fara sauka.

Wasan ya shiga gasar Olamfik a Tokyo a 2021. A 2024, da aka yi gasar a Faris, sai aka kai ƴan wasan tsibirin Tahiti, can tsakiyar tekun Fasifik, don a watan Yuli ruwan can ne ke da ƙarfi. A watan Maris na 2019 Dakar ta karɓi gasar ƙwararru ta duniya, karo na farko a Afirka ta Yamma. Khadjou Sambe, ƴar masuntan Ngor, ita ce mace ta farko a Senegal da ta mai da wasan sana'a.

Daga ina igiya take fitowa

Baƙo yakan ɗauka cewa iskar da ke kaɗawa a bakin teku ita ce ke tayar da igiya. Gaskiyar ita ce manyan igiyoyi daga nesa suke zuwa. Guguwa takan yi kwanaki tana bugun ruwa a tsakiyar teku, dubban kilomita daga gaɓa, ƙarfin bugun ya yi ta tafiya cikin ruwa har ya iso inda ƙasa ta taso, sai ruwan ya ɗago ya karye. Abin ya yi kama da Gulbin Maraɗi, wanda kan kawo ruwa a ranar da ko ɗigo bai sauka a gari ba, domin an yi ruwa a ƙasar Katsina. Saboda haka ana iya samun rana tsaf, sama garau, teku kuwa yana hauka.

Gaɓar da ta taso daga Laberiya zuwa Legas kudu take fuskanta, don haka guguwar kudancin tekun Atlantika ce ke aiko mata da ruwa. Can kudancin duniya sanyi yana kamawa ne daga Yuni zuwa Agusta, kuma a lokacin guguwa ta fi yawa. Shi ya sa igiya take girma a wannan gaɓa daga wajen Afrilu zuwa Oktoba. Wato daidai lokacin da manomin Sae Sabuwa yake shuka, yake noman farko da maimai, har ya kai ga girbi.

Iskar bakin gaɓa ba ta haifar da babbar igiya, amma ita ke gyara ta ko ta ɓata ta. Iskar damina tana fitowa daga cikin teku, tana tura igiya ta baya, ta rushe ta tun ba ta miƙe ba, ruwa ya hargitse. Iskar hunturu kuwa, wadda ke kwaso ƙurar kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta rufe Maraɗi da hazo, idan ta isa gaɓa daga Disamba zuwa Fabrairu, daga tudu take shiga teku. Tana tarar igiya ta gaba, ta riƙe ta, ta daidaita mata fuska. Ƙurar da ke sa tari a Gidan Rumji ita ce albishir ga mai allo a Lome.

Wa zai je, kuma yaushe

Ba a amsa tambayar lokacin da ya fi kyau sai an san wanda ya yi ta. Ga mai koyo, watannin hunturu ne suka dace. Igiya ƙarama ce, a jere take zuwa, ruwan yana da ɗumi kusan digiri 27 zuwa 29, ruwan sama ya ɗauke. Wannan lokaci ya faɗo daidai da cin rani, da kuma hutun makaranta na ƙarshen Disamba. Wuraren da tudu ko shingen dutse ya kare, kamar Busua a yammacin Gana da Tarkwa Bay a bakin tashar Legas, sun fi sauƙi ga mai farawa, kuma akwai ƴan gari masu koyarwa.

Ga gwani kuwa, damina ce kakarsa. A Robertsport ta Laberiya, inda igiya ke bin gefen tudu ta yi doguwar tafiya kafin ta mutu, daga Mayu zuwa Oktoba ne ake samun abin da aka zo nema. Amma lokacin yana da tsadarsa. Hanyoyi suna lalacewa, sauro yana yawa, ruwan sama yana wanko dattin gari da na kwatami ya zuba a teku, abin da ke kawo ciwon kunne da na ciki. Daga Yuli zuwa Satumba kuma, a gaɓar Gana da Kodebuwa, ruwan ƙasa mai sanyi yana tasowa sama, masunta su yi murna da yawan kifi, mai wanka ya fito yana rawar ɗari.

A nan ne ma'aikaci mai iyali ya kamata ya lura. Babban hutun makaranta, daga Yuli zuwa Satumba, shi ne lokacin da mutane da yawa ke ɗaukar hutunsu su kai yara kudu, kuma shi ne lokacin da tekun Kwatano da Lome ya fi haɗari. Tun da daɗewa aka san wannan gaɓa da mugun karyewar ruwa. Saboda shi jiragen ruwa ba sa iya matsowa, sai da aka gina dogon gadon ƙarfe cikin teku a Kwatano a ƙarshen ƙarni na 19, da wani a Lome a 1904, kafin a buɗe tashar Kwatano ta zamani a 1965 da ta Lome a 1968. Ruwan da ya kifar da kwale-kwalen ƙwararrun matuƙa bai canza hali ba.

Dakar ta bambanta da sauran, domin birnin yana kan wani hancin ƙasa da ya kutsa cikin teku, yana karɓar ruwa daga ɓangare biyu. Daga Nuwamba zuwa Maris guguwar arewacin Atlantika ce ke aiko da manyan igiyoyi gefen tsibirin Ngor, ruwan kuma yakan yi sanyi har ya sauko wajen digiri 20, sai da rigar roba ake daɗewa a ciki. Daga Mayu zuwa Oktoba gefen kudu ne ke samun nasa rabo. Wanda ya saba da cewa hunturu lokacin kwanciyar ruwa ne a Lome, idan ya kai wannan lissafi Dakar zai sha mamaki. Haka Taghazout ta Maroko, daga Oktoba zuwa Maris take tashe. A Nazare ta ƙasar Fotugal, inda wani rami mai zurfi a ƙarƙashin teku ke ninka tsawon igiya, ranar 29 ga Oktoba 2020 ne Bajamushe Sebastian Steudtner ya hau wadda aka auna ta kai mita 26,21. Jeffreys Bay ta Afirka ta Kudu kuwa sai Yuni zuwa Agusta.

Bayan wata, sai rana da sa'a

Zaɓen wata rabin aiki ne. A yini ɗaya ma teku yana canza fuska. Da asuba zuwa hantsi iska takan kwanta ko ta fito daga tudu, ruwa ya yi santsi. Da rana ta take, ƙasa ta yi zafi, sai iskar teku ta taso ta dama komai. Saboda haka masu wasan sammako suke yi, kamar mai noma da ke son gama kunya kafin rana ta yi.

Sai kuma cika da janyewar teku, wanda ke faruwa sau biyu a yini, kowace rana yana jinkiri da kusan minti 50. Farin wata ne ke jan ruwan. Mai ƙidayar watan Musulunci ya riga ya riƙe makullin wannan lissafi: a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu ne ruwa ya fi cika ya kuma fi janyewa, a ranakun bakwai da ashirin da biyu kuwa bambancin kaɗan ne. Inda akwai duwatsu a ƙasa, janyewar ruwa takan fito da su kusa da ƙafar mai wasa. Inda rairayi ya yi gangare mai tsayi, cikar ruwa takan sa igiya ta karye a kan busasshen yashi, ta maka mutum da ƙasa.

Inda ruwa ya yi lum

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kusan 300.000 ne ruwa ya ci a 2021, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yankin Afirka ne ya fi kowane asara. Wanda ya koyi iyo a tafkin ƙauye lokacin damina, ko a tafkin Madarumfa, ya koyi iyo a ruwa mai tsayawa. Teku ba ya tsayawa. Ruwan da igiya ta kwararo gaɓa dole ya koma, kuma yakan taru ya yanki wata siririyar hanya ya fice da gudu, wani lokaci fiye da mita 2 a daƙiƙa, gudun da ko zakaran iyo na duniya ba ya iya tarar sa. Mugun abin shi ne wurin yakan fi ko'ina kyan gani: igiya ba ta karyewa a nan, ruwan ya yi duhu ya yi lum, sai kumfa da yashi da ke tafiya ciki. Baƙo yakan zaɓi wurin da kansa, yana ganin ya sami sauƙi.

Wanda wannan magudana ta ɗauka, kada ya yi kokawa da ita yana neman komowa gaɓa kai tsaye, domin gajiya ce ke kashewa. Ya riƙe allonsa idan yana da shi, ya bar ruwa ya ɗaga shi, ya yi iyo a gicciye, daura da gaɓa, har ya fita daga hanyar, sannan ya ɗaga hannu a gan shi. Wanda ke tudu kuma kada ya faɗa ruwa hannu wofi don ceton ɗan'uwa, ya jefa masa jarka ko wani abu mai tasowa, ya kira masunta.

Masuntan nan su ne malaman wurin. A gaɓar Gana da yawansu ba sa fita ranar Talata, al'adar da suka gada, kuma kowane ɗayansu ya san inda magudana take kwana da watan da take ƙaura. Mai son shiga ruwa ya fara zama a tudu minti 20 yana kallo, domin manyan igiyoyi rukuni-rukuni suke zuwa, tsakaninsu da shiru mai ruɗi. Sannan ya gaida dattijon da ke ɗinkin koma a gindin kwakwa, ya tambaye shi halin ruwan yau. Matambayi ba ya ɓata.

Manomin da ruwan farko ya ruɗa ya zuba irinsa duka, fari ya biyo baya, yana da damar sake shuka idan maƙwabci ya ranta masa tiya biyu. Wanda ya shiga tekun Kwatano a watan Agusta don ya ga rana ta fito ba lalle ya sami irin wannan dama ba. Idan hazo ya rufe Sae Sabuwa, mata suna shafa wa yara man kaɗe a ƙafa, a lokacin ne ruwan Lome da Busua ke karɓar mai koyo. Idan kuwa gero ya fara ɗaukar ciki, to a bar wa gwanaye ruwansu, a tsaya a tudu a yi kallo.