Kunyar Ciki: Dokar Da Ba Wanda Ya Rubuta

Uwargida, wa ya taɓa zaunar da ke ya ce idan kin samu ciki kada ki faɗa? Babu. Amma duk mun taso mun tarar haka ake yi. Amarya ta yi ɓatan wata, sai ta ƙara girman hijabi, tana tofar da yawu a ɓoye. Surukarta ta gane tun ranar da ƙanshin girki ya fara tayar mata da zuciya, amma ita ma sai ta yi kamar ba ta gani ba. Ranar naƙuda kuwa a cije a daure, don wadda ta yi raki za ta sha tsiya wajen faccaloli har ɗan ya girma.

Ba wauta ce ta sa ake bin wannan al'ada ba. Akwai kara ga manya, irin wadda ke hana uwa kiran sunan ɗan fari. Akwai tsoron kambun baka. Akwai kuma dalilin da na fi tausaya wa: ɓari ya fi yawa a watanni ukun farko, kuma babu macen da ke son ta yi shela sannan ta dawo tana amsa jaje.

To amma waɗannan watannin ne muka fi bukatar ganinki. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara awo cikin makonni 12 na farko, a kuma zo aƙalla sau 8 kafin haihuwa. Lakar baya da ƙwaƙwalwar jariri suna fara haɗuwa ne tun watan farko, lokacin da ƙwayar folik asid ta fi amfani. Da wuri ne za mu auna jininki, mu san rukuninsa, mu ga ko ya yi ƙasa. Daga mako na 13 kuma a fara ba ki maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro.

Cikin fari, wanda aka fi jin kunyarsa, shi ne kuma ya fi haɗarin hawan jini da jijjiga. Ban manta da wata yarinya da aka kawo mana cikin dare tana jijjiga ba. Kwana uku tana fama da ciwon kai da gani dishi-dishi, ta kasa buɗe baki saboda mijin ya yi tafiya, daga ita sai surukai a gidan. Fuskarta ta kumbura, mutanen gida suna cewa ciki ya karɓe ta. Ita ta rayu, jaririn bai zo da rai ba.

Ba mu ce ki yi shela ba, 'yar'uwa. Zaɓi mutum ɗaya, yayarki ko gwaggonki, wadda za ki iya gaya wa komai, ta rako ki asibiti. Abin da kika faɗa mana a ɗakin awo a nan zai tsaya.

Maigida, ka ba da izinin zuwa asibiti tun yanzu, a gaban mahaifiyarka, ka kuma ajiye kuɗin mota ko ba ka gari. Ke kuma Iya, tunda yarinya ba za ta fara magana ba, ke ki tambaye ta. Idan kin ga jini, ko kumburin fuska da hannuwa, ko ciwon kai mai tsanani, a taho nan take. Haka nan naƙudar da ta wuce awa 12, domin irinta ce ke jawo yoyon fitsari.