Rumman A Tsakar Gida

 Makon nan zancen itace za mu yi, irin wanda a ke dasawa a tsakar gida domin ado.

Ki duba gidajenmu na Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu. Za ki tarar uwargida ta share tsakar gida fes, ta jera kwanoni da tasoshi a ɗaki, ta shimfiɗa zanen gado mai kyau, amma in kin fito tsakar gida babu ko ganye ɗaya kore da ido zai huta a kansa. In bazara ta kama, a watan Afrilu, zafi ya kan wuce digiri 40. Maigida ya fita, ya sami inuwar darbejiya a ƙofar gida ko a kasuwa. Ke fa? Ke ki ke yini a cikin gidan nan, ke da 'ya'yanki, tun fitowar rana har faɗuwarta. Saboda haka itacen tsakar gida maganarki ce.

ITACEN CIKIN HOTO

Ku 'yan makaranta, na san kun sha ganin hotunan itatuwan ƙasashen sanyi a littattafai da kalanda, fure fari da ja-ja ya rufe su har ba a ganin rassa. Ɗaya daga cikinsu wani ƙaramin tuffa ne da mutanen Ingila da Amurka da Japan su ke dasawa a lambu domin furensa. 'Ya'yansa ƙanana ne, ba su wuce inci 2 ba, ga tsami, ba a cika cinsu ba sai an dafa da sukari.

To, kada wata ta ɓata kuɗinta wajen neman wannan itace. Ga dalili. Idan sanyi ya zo ya kan zubar da ganyensa ya yi barci, kuma ba ya farkawa ya yi fure sosai sai ya sha sanyi mai tsanani, ƙasa da digiri 7, na ɗaruruwan sa'o'i. Hunturunmu kuwa, duk kukan da mu ke yi da shi, sanyin dare da asuba ne, da hantsi rana ta kore shi. Ko tuffa na ci ma, a ƙasar nan a tuddai masu sanyi irin na Jos a ke noma shi. Kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi. Mu ma muna da namu ƙaramin itace mai fure da 'ya'ya, shi ne rumman.

Asalin rumman daga wajen ƙasar Farisa ne zuwa arewacin Indiya, sunansa kuwa daga Larabci muka aro shi. An ambace shi sau 3 a cikin Alƙur'ani mai girma, sau 2 a Suratul An'am, sau 1 a Suratur Rahman, kuma kowane wuri tare da dabino aka ambace shi. Halinsu ma ya zo kusa: duka biyun suna son rana mai zafi da iska busasshiya. Ƙasar Dutse kuwa kowa ya san ta da dabino, shi ya sa hukumar bincike ta NIFOR ta kafa tasharta ta binciken dabino a nan. Ƙasar da ta karɓi dabino ba za ta ƙi rumman ba.

Ba dogon itace ba ne. Tsawonsa ya kan kai ƙafa 10 zuwa 15, don haka ba zai cika miki gida ba, ba kuwa zai ba ki inuwa irin ta mangwaro ba, sai dai daidai tabarma ɗaya. Ganyensa ƙanana ne masu sheƙi. Furensa ja ne wur kamar garwashi, in ya fito jikin koren ganye kusa da jar katanga, duk baƙuwar da ta yi sallama sai ta tsaya ta tambaya.

YADDA ZA KI SAMU

Ana iya shuka ƙwayarsa, amma ban ba ki wannan shawara ba. Na ƙwaya ya kan jima bai haihu ba, sau da yawa kuma ba ya gado uwarsa wajen zaƙi. Dashen reshe ya fi. Ki nemi gidan da a ke da rumman mai yawan fure, mai 'ya'ya masu daɗi, ki roƙa a ba ki. Lokacin yanka shi ne ƙarshen hunturu, watau Janairu zuwa Fabrairu.

Ki zaɓi reshen bara wanda ya yi ƙwari, kaurinsa kamar fensir, ki yanka tsawon inci 8 zuwa 10 da wuƙa mai kaifi. Yanki uku ko huɗu za ki ɗauka, gama ba duka ne za su kama ba. Ki cire ganyen. Ki sami tsohon gwangwani ko leda, ki huda gindin, ki cika da rairayi gauraye da ruɓaɓɓen taki. Ki soka reshen har kashi biyu cikin uku ya nutse, a bar ido biyu ko uku a waje. Ki lura fa kada ki juya shi kai ƙasa: wajen da ya ke kallon gindin uwar shi ne zai shiga ƙasa. Ki ajiye a inuwa, ki riƙa yayyafa ruwa yadda ƙasar za ta zauna da danshi, ba ta jiƙe sharkaf ba. Bayan wata ɗaya ko biyu za ki ga toho. Kada ɗoki ya sa ki tumɓuke don ki ga ko ya yi saiwa.

In kuwa a wurin masu renon itatuwa za ki saya, ki yi tambaya. Akwai wani iri mai fure ninki-ninki, kyakkyawa ƙwarai, amma ba ya haihuwa. Akwai kuma gajere wanda ya dace da tukunya.

DASHE

Kafin ki haƙa rami ki yi shawara da maigida, in kina da abokiyar zama ita ma ki ji ta bakinta. Itacen da aka dasa da yardar kowa shi ne kowa zai zuba wa ruwa ran da kika tafi unguwa.

Ki zaɓi wurin da rana ta ke samu aƙalla sa'a 6 a yini, gama rumman na inuwa ganye kawai ya ke yi. Ki ba shi ƙafa 6 ko fiye daga katanga, don kada ruwan da ki ke zuba masa ya ci gindin ginin. Ki nisanta shi da salga da magudanar wanka, da duk inda ruwa ya ke kwanciya da damina.

Lokacin dashe shi ne sa'ad da damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli. A haƙa rami zurfin ƙafa 2, faɗin ƙafa 2. Mu nan kusa da duwatsu, in an haƙa aka ci karo da fa, a sake wuri. Ƙasarmu ta jigawa tana da kirki ɗaya da aibi ɗaya: ba ta riƙe ruwa har saiwa ta ruɓe, amma kuma nan da nan ta ke bushewa. Maganin wannan taki ne. Ki gauraya ƙasar ramin da kwando ɗaya na tsohon takin awaki ko na shanu. Ɗanyen taki ya kan ƙone saiwa, ya kuma kira gara. Ki dasa da yamma, ki zare gwangwanin ko ledar a hankali ba tare da ƙasar ta warwatse ba, ki danna ƙasa kewaye da shi, ki zuba ruwa bokiti ɗaya.

Ran nan da kika dasa, ran nan za ki killace shi. Akuya ba ta jiran gobe. Ƙaya ko kara ko tsohon kwando marar gindi duk sun isa, muddin iska da rana suna shiga. In kin ga alamar gara, ki rushe hanyarta, ki barbaɗa 'yar toka kewaye da gindin.

RUWA

Na san tambayar da ke bakinki: ruwan da mu ke saye a garwa ko mu ke ja daga rijiya, shi za a ba itace? Ki kwantar da hankalinki. Rumman mai jure fari ne. Shekarar farko kaɗai ya ke bukatar kula sosai, bokiti ɗaya bayan kwana biyu ko uku da rani. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da na wankin ganyen miya, waɗanda mu ke watsarwa kullum, sun ishe shi. Ruwan wanki mai sabulu da ruwan gishiri kuwa kada su je gindinsa.

Ga wata dabara. Ki sami ƙaramin tulun ƙasa, ki binne shi har wuya taƙi ɗaya daga shukar, ki cika da ruwa, ki rufe bakinsa saboda sauro. Ruwan zai riƙa tsatsafowa ta jikin tulun kai tsaye zuwa saiwa, rana ba ta sha ba. Ki shimfiɗa busasshen ganye ko ƙaiƙayi a gindin, amma kada ya taɓa jikin itacen.

GYARA DA FURE

Halin rumman ne ya yi ta fitar da 'yan tsirrai daga gindi. In an ƙyale su sai ya zama duhuwa, fure ya ragu, macizai su sami maɓoya. Ki zaɓi rassa uku ko huɗu masu ƙarfi ki bari, sauran ki riƙa yanke su tun suna ƙanana. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Da hunturu kuma ki rage busassun rassa da waɗanda suka sarƙe a tsakiya.

A shekara ta biyu ko ta uku zai soma fure. In kin ga furanni da yawa suna zubewa, kada ki ce sammu ne ko baki. Fure iri biyu ya ke yi. Mai siririn gindi namiji ne, aikinsa ya ba da gari ya faɗi. Mai kumburarren gindi kamar tulu shi ne zai zama ɗa. Daga fure zuwa nuna wata 5 ne zuwa 7.

Abu biyu su ke ɓata 'ya'yan. Na fari fashewa: in an bar itacen ya sha ƙishirwa sa'an nan aka ɗura masa ruwa da yawa lokaci ɗaya, ƙwayoyin su kumbura, ɓawon ya tsage. Don haka in yana ɗauke da 'ya'ya, ruwan ya zama kaɗan-kaɗan a kai a kai. Na biyu tsutsa: wani malam-buɗe-littafi ne ya ke saka ƙwai a jikinsu, tsutsar ta huda ta shiga. Tun suna kamar lemon tsami ki ɗaure kowanne cikin takarda ko tsumma mai tsabta. Wanda ya riga ya huje ki cire ki binne. Rumman ba ya ƙara nuna bayan an cire shi, saboda haka ki jira sai jikinsa ya yi kusurwa-kusurwa ya yi nauyi a hannu, kana ki yanke da wuƙa.

Gargaɗi biyu. Akwai ƙaya a bakin rassansa, ki yanke na ƙasa waɗanda su ke daidai idon yara. Kuma ɓawon saiwarsa yana da dafi, kada a jiƙa wa yaro da sunan magani. Yaron da ke gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti.

Ke da ki ke gidan haya, ba a bar ki a baya ba. Rabin duro ko tsohuwar randa da aka huda gindinta ta isa, ran tashi ki tafi da abinki.

Jiharmu ta Jigawa tana cikin jihohi 11 na Arewa da aka sa cikin shirin babbar katangar itatuwa ta hana kwararowar hamada, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Wannan aikin hukuma ne a daji. Na cikin gida kuwa babu ma'aikacin da zai shigo ya yi mana.

Ku 'yan makaranta, ga naku aiki. Kowacce ta nemi reshenta, ta rubuta ranar da ta soka shi a bayan littafinta, ta riƙa auna tsawonsa da rula kowane wata. Wadda ta dasa tana aji ɗaya na sakandare, in Allah ya yarda kafin ta gama aji uku za ta ga furensa. Shekara uku ba ta da yawa ga mutanen Dutse, tun da an ce mai haƙuri ya kan dafa dutse har ya sha romonsa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi zancen shingen lalle. Ku huta lafiya.