Tazarar Sama da Tsawon Tafiya: Lissafin Matafiyin Gaya

Tazarar sama tsakanin filayen jiragen sama biyu ita ce hanya mafi gajarta da za a iya shatawa a doron ƙasa daga wannan fili zuwa wancan, kuma matuƙa suna auna ta da mil na teku, wanda kowane ɗaya yake daidai da mita 1,852. Lokacin da ake rubutawa a tikiti kuwa yana farawa ne daga sa'ar da jirgi ya motsa daga inda yake fake har ya tsaya cak a masaukinsa, saboda haka ya ƙunshi gungurawa a ƙasa da jiran izinin tashi da hawa da saukowa, waɗanda sukan cinye kaso mai yawa idan tafiyar gajera ce.

Daga filin Diori Hamani na Yamai zuwa filin Cadjehoun na Kwatano tazarar sama ta kusa kilomita 800, alhali hanyar mota da ta ratsa Dosso da Gaya da Malanville da Parakou ta haura kilomita 1,000. Jirgi irin Boeing 737, mai gudun fiye da kilomita 800 a awa idan ya daidaita a sama, ba ya kai awa biyu a wannan tazara, amma fasinjan da tikitinsa ya bi ta Lome, cibiyar kamfanin ASKY, yakan shafe sa'o'i yana jiran jirgi na biyu, ga kuma agogon Togo da yake bayan na Nijar da awa guda, abin da kan rikita mai lissafi.

Ga mutumin Gaya lissafin ya fi haka sarƙaƙiya, domin ƙaramin filin garin ba ya samun jiragen fasinja na yau da kullum. Dole ne ya fara nausawa arewa, tafiyar kusan kilomita 300 a mota zuwa Yamai, wato ya juya wa Kwatano baya, sannan ya isa fili da wuri don tantance takardu, kafin jirgin ya ɗauko shi ya yi kudu, ya wuce ta yamma da garin da ya baro. Ɗan kasuwar da ya zaɓi mota kai tsaye bai yi wauta ba.

Siyasa ma tana da hannu a tsawon tafiya. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 da takunkumin ƙungiyar CEDEAO, an rufe gadar kogin Kwara da ta haɗa Gaya da Malanville, Nijar kuma ta rufe sararin samaniyarta daga 6 ga Agusta zuwa 4 ga Satumba, lamarin da ya tilasta wa jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka yin zagaye. Ko da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 gadar ta ci gaba da zama a rufe ta ɓangaren Nijar, matafiya suna sauka daga mota su tsallaka da kwalekwale, su nemi wata motar a Malanville.