Sana'ar Injiniya: Daga Ƙungiyar Ɗalibai Zuwa Hatimi

A Najeriya, takardar digiri kaɗai ba ta mai da mutum injiniya a gaban doka. Sai sunansa ya shiga rajistar COREN, hukumar da aka kafa da dokar soja mai lamba 55 ta 1970 don sa ido kan wannan sana'a. Kafin a kai nan, akwai shekara biyar a jami'a, sannan aƙalla shekara huɗu ana aiki a ƙarƙashin ƙwararru. Ɗalibai da yawa sukan fara jin wannan bayani ne daga bakin yayyensu na ƙungiyar ɗaliban injiniya ta NUESA, wadda ke da rassa a jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano.

Hidimar ƙungiyar daga aji take farawa. Manyan ɗalibai kan tara na ƙasa da su da yamma, su warware musu lissafin da ya gagara. Sukan kuma shirya ziyarar gani da ido zuwa masana'antu da tashoshin wutar lantarki, su gayyato 'yan ƙungiyar injiniyoyi ta ƙasa, wato NSE da aka kafa a 1958, su bayyana yadda ake rubuta rahoton ayyuka da fuskantar masu tantancewa.

Inda ake gane amfanin wannan zumunci shi ne a aji huɗu, lokacin da ake fita koyon aiki na wata shida a shirin SIWES, wanda hukumar ITF ta ɓullo da shi a 1973. Wani ya san kamfanin da ke karɓar ɗalibai, wani ya san yadda ake cike littafin aiki kullum har mai kula ya sa hannu. A wurin gini, ɗalibi zai ga an ɗebi kankare an zuba a ɗan akwatin ƙarfe, an jiƙa curin a ruwa, bayan kwana 28 a danne shi da na'ura har ya fashe don a san ƙarfinsa. Zai ƙirga rodi a ginshiƙi ya gwada da abin da ke zane. Kamar yaron maƙera ne da ke farawa da zuga-zugi kafin a miƙa masa guduma.

Duk wannan tsanani yana da dalili. Benen nan mai hawa 21 da ya rushe a Ikoyi ta Legas a Nuwamban 2021 ya ci rayuka da dama. Injiniyan da ya buga hatiminsa a kan zane, amanar rayukan mutane ya ɗauka.

Don haka, ɗalibi ya shiga ƙungiyarsa tun daga aji ɗaya, ya riƙa adana shaidar kowane aiki da ya sa hannu a ciki. Su kuma injiniyoyin da suka riga suka yi rajista, su riƙa komawa makarantunsu suna jan ƙannensu a jiki.