Yadda Ake Hasashen Guguwar Tekun Atlantika

Lokacin mahaukaciyar guguwa a tekun Atlantika yana farawa ne ranar 1 ga Yuni, ya ƙare 30 ga Nuwamba, kuma ta fi tsananta daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba. Tun a watan Afrilu Jami'ar Jihar Colorado ke fitar da hasashenta, aikin da masani William Gray ya soma a 1984. Hukumar NOAA ta Amurka kuma sai ƙarshen Mayu, ta sake duba nata a Agusta.

Ma'aunin da ake kwatantawa da shi shi ne matsakaicin shekarun 1991 zuwa 2020: guguwa 14 masu suna, 7 daga ciki su ƙasaita, 3 su zama manya.

Masana kan fara duba ɗumin ruwan teku, domin shi ne abincin guguwar. Sannan su waiwayi yanayin tekun Pasifik, wato ko El Nino ne ko La Nina. A shekarar El Nino iskar sama kan wargaza guguwa tun ba ta haɗa jiki ba, La Nina kuwa sakar mata mara take yi. Akwai kuma hannun yankinmu a ciki. Mafi yawan manyan guguwar daga hadarin daminar Sahel suke samo asali, wanda ke ratsa Chadi da Nijar da Mali ya faɗa teku ta gabar Senegal. Ƙurar Sahara da busasshiyar iskarta kuma sukan kashe wasu a hanya.

Sai dai hasashen adadi kawai yake bayarwa, ba ya faɗin garin da guguwa za ta afka wa. A 1992 guguwar ba ta yi yawa ba, amma a Agustan shekarar guguwar Andrew ta ragargaza kudancin Florida.