Ciwon Suga Nau'i Na 1: Yadda Wayarka Za Ta Taimake Ka A Filin Ƙwallo

Mai ciwon suga nau'i na 1 zai iya buga ƙwallon yamma a Kurfi ko filin FUDMA a Dutsin-Ma. Haɗarin shi ne gudu na sauke suga, musamman bayan allurar insulin.

Na'urar FreeStyle Libre ana manna ta a bayan damtse, tana kwana 14, kana karanta ta da manhajar LibreLink. Sai dai ka duba ko wayarka na da NFC, don masu araha da yawa ba su da shi.

Kafin shiga fili, tsakanin 126 da 180 mg/dL ya yi. Ƙasa da 90, fara shan abu mai zaƙi. Sama da 270, dakata ka gwada ketone.

Na'urar ruwan ƙarƙashin fata take aunawa, don haka tana makara da 'yan mintuna. In jikinka na rawa ko jiri ya kama ka, tsaya, sha giram 15 na sukari ko rabin kwalbar lemo, ka sake aunawa bayan minti 15. Gumin Afrilu kan ɓamɓare ta, ka ƙara filasta.

Suga kan sake faɗuwa cikin dare, auna kafin barci. Rage insulin kuwa, sai da shawarar likitanka.