Gurɓacewar ruwan kwamin ninkaya

Gurɓacewar ruwan kwamin ninkaya yanayi ne da ruwan ke yin fari-fari ko kore har a kasa hango ƙasan kwamin. Irin wannan ruwa yana iya ɗaukar ƙwayoyin cutar gudawa da ciwon kunne, kuma yaro zai iya nutsewa a ciki ba a gan shi ba.

Dalilai

A unguwannin arewacin Kaduna, kamar Malali da Unguwar Rimi, matsalar tana bin yanayi. Da hunturu ƙura ce ke cika ruwan. Da damina kuwa ruwan sama yana tsarma sinadarin kulorin, sai gansakuka ta samu damar yaɗuwa. Ɗaukewar wutar lantarki ma tana tsayar da injin tace ruwa.

Gwaji

Ana ɗebo ruwa daga zurfin kamu ɗaya, a tsoma takardar gwaji, a kwatanta launinta da jadawalin da ke jikin kwalbar. Ana son ma'aunin pH ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8, kulorin kuma miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita. Idan pH ya haura 7.8, ƙarfin kulorin yana raguwa sosai.

Gyara

Ana fara daidaita pH: asid yana saukar da shi, soda tana ɗaga shi. Sannan a zuba kulorin da yamma, domin hasken rana yana lalata shi. Alif yana tattara dauɗar ta kwanta a ƙasa, a zuƙe ta. Ba a haɗa asid da kulorin wuri guda, saboda suna fitar da iska mai guba.